Idan Ƙanƙara Ta Narke, Halin Maƙwabci Kan Fito

A jihohin arewacin Amurka, irin su Minesota da Wiskonsin, dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙofar gida wata huɗu ko biyar. Duk wannan lokaci kowa mutumin kirki ne, domin filin mai tsafta da na ƙazami fari ɗaya suke. Da watan Afrilu ya kama sai asiri ya tonu: ruɓaɓɓen ganye, karyayyun rassa, ciyawar bakin titi da gishirin narkar da ƙanƙara ya ƙone. Nan ne ake fitowa da manjagara da baro da buhunan takarda masu ruwan ƙasa, a shiga gyaran ciyawar da ba mai ci, ba mai kiwo a kanta. Wani bincike na 2005 ya ƙiyasta cewa faɗin irin wannan ciyawa a Amurka ya ninka na masarar da ake ba ruwa sau uku. Ga masu yi mata hidima, iri-iri.

Na farko Sarkin Gaggawa. Ranar da rana ta ɗan leƙo a watan Maris, shi ya fito da gajeren wando, ƙanƙara na nan jibge a gindin katanga. Ƙasa jiƙe take sharkaf, amma ya dinga kartarta da manjagara har ya tuge ciyawar da saiwarta. Kafin kowa ya farka ya je kantin Home Depot ya sayo dashen tumatir ya kafa. Tsofaffin unguwa sun gaya masa a jira Lahadi ta biyu a watan Mayu, ranar da ake karrama iyaye mata, don sanyi kan yi kome. Bai ji ba. Dare ɗaya raɓa ta daskare, tumatir ya yi baƙi. Shekara mai zuwa ma haka zai yi.

Sai Baban Ƙara, mai injin hura ganye goye a baya. Asabar da sassafe, lokacin da mai aikin dare ya samu barci, shi yake tayar da injinsa. Ba ya tara ganye, ba ya ɗurawa a buhu, korarsa kawai yake yi zuwa filin maƙwabci, da yamma iska ta dawo masa da kayansa. Saboda irinsa ne birnin Washinton ya haramta injin hura ganye mai shan fetur tun farkon 2022. Baban Ƙara ya ɗauki wannan doka a matsayin cin mutuncin kakanninsa.

Akwai Malam Ma'auni. Shi ba ya taɓa komai sai ya soka ma'aunin zafi a ƙasa. Idan bai ga ta kai kusan digiri 13 ba, ba zai watsa maganin hana muguwar ciyawa tsirowa ba. Ya san ba a yanke fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsayin ciyawa a yanka ɗaya, ya san Minesota ta taƙaita takin ciyawa mai sinadarin fosfaras don kada ya gurɓata tafkuna. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce kuskuren gaishe shi. Ka ce masa ina kwana, ka tsaya sa'a guda kana sauraron huɗuba a kan saiwa.

Kusa da shi Janar Maƙiyin Fure yake. Abokin gabarsa ɗaya ne, wata ciyawa mai furen rawaya da ake kira dandeliyon. Durƙushe yake wuni da ɗan ƙarfe mai baki biyu, yana zaƙulo ta har saiwa, yana mita. Baƙin cikinsa shi ne, gida na gaba na Gwaggon Zuma ne.

Gwaggon Zuma ta kafa allo a filinta cewa ba za ta yanke ciyawa a watan Mayu ba, don ƙudan zuma su samu furen da za su tsotsa. Wannan kira daga Birtaniya ya taso a 2019, garin Afulton na Wiskonsin ya karɓe shi a 2020. Busassun karan furannin bara ma ba ta sarewa sai gari ya yi ɗumi, wai ƙwari na barci a ciki. Ita da gaske take. Sai dai akwai Ɗan Lalaci a ƙarshen layi, wanda shi ma ya sayo allon. Bai taɓa damuwa da zuma ba sai a shayi, amma ya samu fatawar da ta halatta masa kwanciya wata guda.

Mai Kare kuwa tausayi yake ba mutane. Tun Disamba karensa ke fita bayan gida yana biyan buƙata, dusar ƙanƙara na rufewa, shi kuma yana cewa gobe. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yanzu ga shi da safar hannu da leda da shebur, yana tafe a hankali, idonsa a ƙasa, ba ya son gaisuwa.

Ɗan Aro ba shi da ko tsinke. Manjagarar da ke hannunsa ta gidan hagu ce, baron na gidan dama, tsanin kuma har mai shi ya manta ya sayi wani. Idan ka je karɓar kayanka, sai ya ba ka da fara'a, ya ce don Allah ka dawo masa da shi kafin Asabar.

Alhajin unguwa, Mai Kujera, bai san nauyin shebur ba. Mota kan tsaya, ma'aikata su diro, cikin sa'a guda su share, su yanke, su tula ɓawon itace a gindin kowace bishiya har ya hau jikinta, abin da ke ruɓar da ita sannu a hankali. Da yamma ya fito da kofin gahawa, ana yaba masa fili, yana cewa ai aiki sai da haƙuri.

Dukansu tsoron mutum ɗaya suke ji: Hakimar Layi, 'yar kwamitin ƙungiyar masu gidaje. Tana yawo da ɗan kare da waya, tana murmushi, tana ɗaukar hoto. Bayan kwana uku takardar gargaɗi ta iso, bayan ita tara. Ciyawarka ta yi tsayi, kwandon shararka na kallon titi, launin bakin fangalinka bai dace da na jama'a ba.

Na ƙarshe namu ne, Bahaushen da karatu ko aiki ya kai can. Ya tsaya ya dubi wannan ɗanyar ciyawa shar, ana yankewa ana zubarwa, ya ce kai, ina ma da rago. Da aka gaya masa doka ba ta yarda ba, sai ya zagaya bayan gida ya ja kunya shida, ya jira ƙarshen Mayu, ya shuka kuɓewa da yakuwa da alayyahu. Ciyawar ƙofar gida kuwa sai takardar Hakima ta zo yake tunawa da ita. A watan Agusta kowa na layin yana da fili mai kyan gani, shi kaɗai ke da miya. Ɗan Aro ya riga ya aiko a sam masa.