Fukafukan Kaza a Ruwan Lemo: Nazari Kan Girkin Sinawa a Hannun Gwaurayen Kurmi

Daga cikin girke-girken gida da Sinawa ke ji da su a wannan zamani akwai dafa fukafukan kaza cikin lemon Coca-Cola, wanda reshe ne na wata tsohuwar hanya da suke kira jar dahuwa, wato a sulala nama cikin baƙin ruwan waken suya mai gishiri tare da ƙonannen sukari har romon ya yi kauri ya yi ja. Lemon, wanda aka fara haɗawa a birnin Atlanta na Amurka a 1886, ya koma kasuwannin Sin a 1979 bayan shekara talatin ba a sayar da shi can, kuma masu girki suka lura cewa yana ɗauke musu wahalar ƙona sukari, tunda gwangwani guda mai santilita 33 yana ƙunshe da sukari kimanin giram 35. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa: a tsattsaga fukafukan, a soya su sama-sama da citta da tafarnuwa, a kwarara lemo da ruwan waken suya, a rufe a kan wuta kaɗan na kimanin minti ashirin, sannan a buɗe a yi ta juyawa har ruwan ya tsotse.

Wannan sauƙi na ido shi ne ya yaudari wasu daga cikin Hausawan Inugu da Anacha da Fatakwal, waɗanda girkin ya iske ta bidiyon wayar hannu. Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ya daɗe, kuma ya ƙara ƙarfi bayan da layin dogo ya haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a 1916, sannan gadar Makurɗi ta 1932 ta sauƙaƙa saukowar shanu da albasa da wake daga Arewa. Da yawa daga cikin Hausawan waɗannan garuruwa gwauraye ne na wucin gadi, wato magidantan da suka bar iyali a gida suka zo cirani, suna kwana ɗaki ɗaya suna cin tukunya ɗaya. Kasancewar su ne ke ciyar da garuruwan da tsire da balangu da kilishi ya sa suka ɗauka cewa babu wani nama da zai gagare su, balle wanda za a dafa da lemon da tun asali aka sa wa goro, hajar da kakanninsu suka yi fataucinta daga Gwanja.

Cikas na farko na lissafi ne, domin girkin yakan buƙaci fukafukai kamar goma sha biyu, alhali kuwa Allah bai hore wa kowace kaza fiye da biyu ba. Basine yakan sayi fukafukai zalla a leda, amma Bahaushen da ke zaune a Kurmi ba ya sakin jiki da naman da bai san wanda ya yanka ba, musamman daskararrun kajin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya duk da haramcin gwamnati. Saboda haka wani mai sayar da albasa a Gariki ta Inugu, wanda ya yi wa abokan ɗakinsa alkawarin abincin Sinawa, ya wayi gari yana cinikin kaji shida masu rai. Da mahauci ya gama fiɗa, sai ya ga mutumin ya tattara fukafukai kawai yana shirin tafiya, ya ce masa: "Malam, su waɗannan gangar jikin fa, sadaka ce ko ajiya?" Da yake kajin gida ne masu yawon bola, abin da aka samu bayan figa bai wuce fata da ƙashi ba, kuma tun da babu firij, ɗakin ya koma cin farfesun kaza safe da rana da dare har maƙwabta suka fara tambaya ko an yi haihuwa a gida.

Cikas na biyu shi ne musaya, wato maye gurbin abin da aka rasa da abin da ke kusa. Giyar shinkafar da Sinawa ke ɗigawa ba ta ma shiga tattaunawa, kuma rashinta ba ya ɓata komai. Ruwan waken suya ne matsalar, domin sai a manyan kantuna ake samunsa, shi ya sa wani mai shayi a Diobu ta Fatakwal ya yi ijtihadi cewa daddawa ma ai wake ce da aka ruɓar, ya marmasa ta ciki tare da dunƙule huɗu da attarugu. Ya kuma zaɓi lemon da ba shi da sukari, bisa shawarar wani Alhaji mai ciwon suga da aka gayyata. Irin wannan lemo zaƙinsa na sinadari ne wanda ba ya narkewa ya yi danƙo, don haka aka yi ta hura wuta ruwa yana ƙonewa ba ya kauri, har naman ya rabu da ƙashi a cikin wani baƙin romo tsararo mai warin daddawa. Alhajin ya ɗanɗana, ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma gobe ka tsaya a kan shayi."

Cikas na uku, wanda ya fi kowanne ɓarna, yana zuwa ne a mintunan ƙarshe. Muddin akwai ruwa a tukunya zafinta ba ya wuce digiri 100 da yawa, amma da zarar ruwan ya ƙare sai zafin ya haura da sauri, sukari ya fara yin ja a wajen digiri 160, kuma daga nan zuwa gawayi tazarar ba ta kai tsawon cinikin kwano ɗaya ba. Wani ɗan tireda kusa da gadar Neja a Anacha ya samu komai daidai, har ƙamshi ya fara tara yara a ƙofar shago, sai mai saye ya zo neman canji. Kafin a ƙirga a sake ƙirgawa, yaron shagon ya leƙo ya ce: "Maigida, tukunyar nan fa ta fara magana." Ƙauri ya cika layi, ludayi ya manne a tsaye, kuma ƙanzon da ya kwanta a gindin tukunyar ya gagari soson ƙarfe da toka da yashin bakin kogi. Tukunyar kuwa ta aro ce daga wata maƙwabciya, wadda ta karɓi sabuwa ba tare da ta ce uffan ba.

Abin da ya haɗa waɗannan asarori uku shi ne cewa gwanintar mahauci ta busasshiyar wuta ce, inda yaji da ƙuli-ƙuli ke jure garwashi kuma nama ke jiran mai shi, shi kuwa sukari a tukunya ba ya jiran kowa. An ce da ganin sarkin fawa sai miya ta yi zaƙi, amma a nan zaƙin ne ya kunyata sarkin fawa. Wanda ya nace sai ya gwada, to ya nemi fukafukan kajin gidan gona daga mahaucin da ya amince da yankansa, ya sayi lemo mai sukari da ruwan waken suya na gaske, ya rufe shago kafin ya buɗe murfi, kuma ya yi amfani da tukunyarsa ta kansa.