Masu Cin Abincin Waje a Garwa

Wanda ya zauna awa guda a unguwar Yelwa da daddare, inda hayaƙin gasasshen kifi ke tare hanya, zai gane cewa kowa a Garwa abincin waje yake ci, bambancin kawai wasu na musu, wasu na taƙama. Shugaban masu musu shi ne Alhaji mai kishin tuwo. Ya rantse abincin nasara bai taɓa shiga bakinsa ba, ya kira shawarma burodin da aka yi wa rawani. Amma a leƙa madafarsa: buhun shinkafar daga Tailan ko Indiya ya sauka a tashar Duwala, alhali ga ta kamfanin SEMRY ana nomawa a Yagwa, dunƙulen Maggi asalinsa Suwizalan, masarar tuwon ma kakanninta daga nahiyar Amurka suka zo. Yakuwar miya ce kaɗai za ta iya tsaya masa shaida.

A ɗaya gefen akwai ɗan gayu, wanda sai ya karanta takardar abinci da Faransanci ta hanci, ya ce a kawo masa kapiten, ya biya ninki biyu, a dire masa giwan ruwan da masunci ya kamo a Lagdo da safe. Yakan fara da cokali mai yatsu. Ƙaya ta farko na tsaya masa, sai ya waiga hagu da dama, ya naɗe hannun riga. Kusa da shi ga ma'aikacin da aka turo daga kudu, yana cinye kwanon ndole tas, sannan ya bayyana cewa ba a iya dafa shi ba sai a Duwala. Baƙon Najeriya kuwa, irin waɗanda suka cika filin ƙwallo na Roumdé Adjia a Janairun 2022, ba ya taɓa loma sai ya juya sefa zuwa naira, lissafin kuma shi ke ƙosar da shi.

Wani zai ce wannan wasa ne, Garwa ba Sukhumvit ta Bankok ba ce, inda gidajen abincin Japan da Indiya da Larabawa ke jere. Gaskiya ne, ba mu da jeren allunan irin waɗannan gidajen abinci. Sai dai allo mai kuɗi yake gayyata, shi kuwa mai shayin bakin tasha da ke soya taliya cikin ƙwai ya cusa a burodin Faransa, ya haɗa Italiya da Faransa a hannun ɗan acaɓa tun ƙarfe shida na safe, kuma har bashi yake bayarwa.