Kowa Darakta, To Wa Zai Riƙe Makirfo?

Malami ya shigo aji ya raba ku rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya kawo gajeren fim na minti biyar kafin ƙarshen zango, kuma aikin yana da maki mai nauyi. Ko a Jami'ar Bayero kuke, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko cibiyar koyon fim ta ƙasa da ke Jos, ko wata makaranta a Yamai, zaman farko iri ɗaya ne: mutum takwas, darakta bakwai. Na takwas ɗin ma ba haƙura ya yi ba, jarumi yake son fitowa. To ƙannena, ku matso kusa. Ina son fim ɗin nan ya yi kyau, ina kuma son ku ci gaba da gaisawa bayan an gama shi.

Darakta ɗaya ake yi. Kada ku ba wanda ya fi kowa ɗaga murya, kada kuma ku ba mai wayar da ta fi tsada don gudun kada ya yi fushi ya tafi da wayarsa. Ku ce kowane mai nema ya ba da labarin a jimla uku. Wanda ya iya, shi ne. Wanda ya fara da "wato abin da nake so mutane su gane shi ne", ku ba shi ruwa ya sha, ku nema masa wani aikin. Furodusa kuwa ku duba ajinku, akwai wata da kowa ke aron littafinta idan jarrabawa ta matso, wadda ba ta jin nauyin buga wa mutum waya da asuba ta ce, "Malam Habu, dubu biyunka ba ta shigo ba." Ita ce furodusarku. A samu mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai lura da kwantiniti, da edita, a rubuta sunan kowa da aikinsa a takarda. Masana'antar Kannywood ma da ƙungiya ta fara: 'yan wasan kwaikwayo na Tumbin Giwa ne suka haɗu suka yi Turmin Danya a Kano a 1990, ba wani attajiri ba ne ya sauko da tirelar kayan aiki.

Sai labari. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi biyar kuke nema. Rubutun farko da marubucinku zai kawo kuwa, za ku tarar da kishiya a ciki, da rabon gado, da haɗarin mota, da asibiti, da kotu, da wani yaya da ya dawo daga Ingila a shafi na talatin. Ku gode masa, don ya yi ƙoƙari, sannan ku tuna masa cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shirye-shirye irin su Labarina da Kwana Casa'in suna da zango-zango da za su warware ƙullinsu, ku kuwa minti biyar gare ku. Kafin a rubuta komai, ku lissafa abin da ke hannunku: ɗaki ɗaya a hostal, teburin mai shayi, shagon kawun wani, keke guda. A cikin waɗannan za a gina labarin. Mutum ɗaya, yana neman abu ɗaya, wani abu ya tare shi. Ɗalibin da ya nemi katin jarrabawarsa ya rasa, saura minti goma a rufe ƙofa, ya ishe ku fim. Kuma ku rage baki. Idan jarumi ya shigo ɗaki, ba sai ya ce "ga shi na shigo" ba, mun gan shi. Gaisuwa ma a taƙaita ta, don idan aka bi ta yadda muke yi a gida, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali zuwa jiya da yau, rabin fim ya tafi ba a zauna ba.

Kada ku taɓa kyamara sai kun yi atisaye. Makarantar fim mafi daɗewa a duniya a Mosko aka buɗe ta a 1919, lokacin da faifan ɗaukar hoto ya yi ƙaranci a Rasha. Wani malami a can, Lev Kuleshov, sai ya riƙa sa ɗalibansa suna shirya fim ba tare da faifai ba: su tsara kowace fitowa, su yi wasan a gaban jama'a kamar ana ɗauka. Daga cikinsu aka samu manyan daraktoci irin su Pudovkin. Ku ma ku ware yammaci guda, ku yi fim ɗin gaba ɗaya a tsakar aji, mai ɗaukar hoto yana zagayawa yana zana inda zai tsaya. A nan za ku gane cewa jarumarku tana fashewa da dariya duk lokacin da aka ce ta yi kuka, tun da sauran lokacin neman mafita.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, domin maganar kunnen ce. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe muryar da ba ya ji. Makirfon jikin kyamara ko na wayar da ke ɗaukar hoto ba ya zaɓe: zai ɗauko janaretan maƙwabta, da hon ɗin A Daidaita Sahu, da zakaran da bai san azahar ta yi ba, ya bar muku jaruma tana motsa leɓe. Maganin shi ne kusanci. Ku sa waya ta biyu a aljihun gaban rigar mai magana tana naɗar sauti, ko ku maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga ta ciki. Idan aka kunna komai, wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar fitowar, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Tafin nan shi edita zai nema ya haɗa sauti da hoto, aikin da allon nan mai baki na manyan fina-finai yake yi ke nan. A kashe fanka, ko da kuwa watan Afrilu ne, a sha zufa na minti biyu. Idan lokacin hunturu ne a waje, a lulluɓe makirfon da ƙyalle mai laushi saboda iska. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun wurin, domin kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike gurbi wajen haɗawa. Minti ɗayan nan shi ne zai fi muku wuya a duk aikin, don a cikinsa ne tari yake kama kowa. Mai sauti ya sa abin ji a kunne, kuma a ba shi ikon cewa a sake, ko da darakta ya riga ya yi tsalle ya ce ta yi. Ku tsara jadawalinku da lokutan salla a ciki: idan ladan ya fara, a dakata, a je a yi, a dawo. Wanda kuka ba aikin sauti kada ya ɗauka raina shi aka yi. Amanar fim ɗin aka damƙa masa.

Kayan aiki kada su hana ku barci. Wasu samari a Kaduna da ake kira The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da fina-finan almarar kimiyya da suka yi da wayar hannu da koren yadi. Abin da ke hannunku ku san shi. A goge gilashin kyamarar waya, a kwantar da ita a kwance, a rufe layin kira don kada "ina kika shiga?" na Umma ya faɗo tsakiyar fitowa. A kulle haske da saitin gani don kada hoto ya riƙa numfashi. Idan za ku yi aiki da hasken ƙwan lantarki, ku sa kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa. Wutar Najeriya da ta Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma a 30 suke zuwa, shi ya sa wani lokaci hoton ke ƙyafta ido. Ranar tsaka ba ƙawar fuska ba ce, tana zuba inuwa a kwarmin ido, ta bar mutum kamar ya kwana uku bai runtsa ba. Ku nemi hantsi ko bayan la'asar. Kada a zaunar da ɗan wasa taga na bayansa. Jarumin da ya iso cikin farar shadda fes tana ƙyalli, a lallashe shi ya canza, don kyamara za ta bi farin rigar ta bar fuskarsa cikin duhu. Farin kwali babba, wani ya riƙe yana mayar da haske kan fuska, ya wadatar.

Idan mutum biyu suna magana, ku ja layi a ƙasa da alli ko gawayi daga ƙafar wannan zuwa ta wancan, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin. Da zarar ta tsallaka, a allo za a ga su biyun suna kallon gabas tare, kowa na yi wa bango magana. Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa, sannan daga kusa da fuskar kowa, sannan a ɗauki ƙananan abubuwa: hannu a kan kofi, agogo, takalmi a bakin ƙofa. Waɗannan ne edita zai rufe ɓaraka da su, yana yi muku addu'a.

Mai kwantiniti kuwa, ku zaɓi wanda ba ya mantuwa, irin wanda har yau yana tuna wanda ya ci masa bashin naira ɗari biyu a aji ɗaya. Ya ɗauki hoton kowa da waya kafin a fara da bayan an gama. In ba haka ba jarumi zai shiga soro da hula zanna ya fito tsakar gida da damanga, shayin da ke kofi ya riƙa ƙaruwa ana sha. A kafa doka: babu aski sai an kammala. Jaruma kuma a tambaye ta tun wuri ko akwai biki a gidansu ƙarshen mako, don kada ta bar fitowa ta uku da hannu fari ta dawo ta huɗu da lalle har gwiwar hannu.

Lokeshan gidan mutane ne, ko titinsu, ko wurin neman abincinsu. A cikin makaranta ku karɓi takarda daga sashenku kafin masu tsaro su karɓi kyamararku. A unguwa, ku fara da mai unguwa: "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, aikin makaranta aka ba mu." Idan Hajiya ta ba ku aron falonta, ku faɗa mata gaskiyar lokacin da za ku ɗauka. Kada ku ce "yanzu-yanzu za mu gama, Hajiya" alhali kun san sai magariba, kuma ku mayar da kowace kujera inda kuka same ta. Kada a ɗauki fuskar kowa ba da izininsa ba. Yaran unguwa za su taru, wannan babu makawa. Ku naɗa babbansu sarkin tsare hanya, za ku ga aiki. Idan kuma kuna da niyyar kai fim ɗin gaban jama'a a Kano bayan an ba da maki, ku tuna akwai hukumar tace fina-finai ta jiha tun 2001, ku nemi sanin ƙa'idarta.

A kasafin kuɗinku, abinci ya zo a layin farko. Mai riƙe kwali da bai karya ba, hannunsa rawa yake yi.

Akwai kuma ɗan rukunin da ba a gani sai a WhatsApp, inda yake turo babban yatsa ga kowace sanarwa. Kada ku yi gaggawar kai ƙararsa. Wani nisa ne da rashin kuɗin mota, wani yana tsaron shago da yamma, wani kunya ce ke hana shi magana a taro. Furodusa ta same shi shi kaɗai, ta ba shi aiki ƙwaya ɗaya mai ranar kawowa, kamar fassarar da za a rubuta a ƙasan allo ko nemo kayan sawa. Sau da yawa irin wannan ne ke fitowa da gwanintar da ba wanda ya zata. Idan an yi haka bai motsa ba, a gaya wa Malam tun da wuri, ba daren miƙa aiki ba.

Duk ranar da aka yi ɗauka, kafin kowa ya kwanta, a kwafe komai a wuri biyu, kuma kada wuraren biyu su kwana a jaka ɗaya. Ku ba editin rabin lokacinku, don ya fi ɗauka cin rai. CapCut yana yi, DaVinci Resolve ma yana da na kyauta idan kwamfutar za ta iya ɗaukarsa. Edita da darakta kaɗai za su zauna. Idan mutum takwas suka tsaya a kan edita, kowa fitowarsa yake karewa, fim ɗin minti biyar ya koma sha bakwai. Akwai fitowar da kuka sha rana a kanta, wadda kowa ke so, amma labarin yana tafiya ba tare da ita ba. A cire ta, a ajiye wa mai ita ya nuna a gida. Kada ku kwaso waƙar wani ku liƙa, YouTube na iya kama ta, mai ita ma yana da haƙƙi; a makarantarku ba za a rasa mai gurmi ko mai fiyano da zai ji daɗin ganin sunansa a allo ba. Idan kun haɗa, ku nuna wa wanda bai san labarin ba, kada kowa ya yi masa bayani, sannan ku tambaye shi me ya faru. Abin da ya faɗa shi ne fim ɗin da kuka yi.

Ku fitar da kammalallen fim kwana biyu kafin ranar nunawa, don NEPA ba ta duba jadawalin sashenku. Ku je zauren da za a haska ku gwada shi da majigin da lasifikar da za a yi amfani da su, ku zo da wayar haɗi taku. Sunayen ƙarshe a karanta su sau biyu, a sa kowa: mai riƙe kwali, mai shayin da ya ba da teburinsa, Hajiya mai falo, har sarkin tsare hanya. A tambayi kowa yadda yake rubuta sunansa, domin Rukayya da Ruƙayya ba za su yarda mutum ɗaya ba ne.