Alhaji, Saki Kwiɓinka, Ba Ƙodarka Aka Zo Ɗauka Ba

Na san halinku sarai. Da zarar an ambaci kyautar sassan jiki sai majalisa ta yi tsit, Alhaji ya kai hannu ya dafe kwiɓinsa, Hajiya ta ce a'uzubillahi, ai dama an turo mata a waya cewa Turawa ba sa bari mutum ya gama mutuwa. Shi kuwa Malam na ƙarshen benci, wanda bai taɓa yarda da komai ba tun daga allurar rigakafi har zuwa saukar mutum a kan wata, sai ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Duk kasuwanci ne." To ku gyara zama. Yau zan ba ku abin da za ku ƙara tsorata da shi, amma na gaskiya, don wanda kuke yawo da shi a waya ya tsufa.

A Amurka, ba asibitin da mutum ya mutu a cikinsa ne ke kwashe sassan jikinsa ba. Akwai ƙungiyoyi hamsin da 'yan kai da gwamnatin tarayya ta ba izini, kowace da yankinta, kuma a takarda ba don riba aka kafa su ba. Doka ta wajabta wa asibiti ya buga musu waya duk lokacin da mutum ya rasu ko ya kusa. Su ne za su zo su duba ko mamacin ya dace, su binciki rajista ko ya bar izini, su zauna da iyalinsa, su shirya tiyatar, su saka ƙoda ko hanta a ƙanƙara su tura inda jerin masu jira ya nuna. Mutum fiye da 100,000 ne ke kan wannan jeri, mafi yawansu ƙoda suke jira.

Na ji Alhaji ya buga cinya. "Ka ji ko! Mutum bai cika ba an kira masu yanka!" Sannu da ganowa, Alhaji. Sai dai masu rubuta dokar sun riga ka wannan tunani tun 1968, lokacin da suka tsara dokar kyautar sassan jiki da jihohin ƙasar suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Likitan da ya tabbatar da mutuwar mutum ba shi da ikon sa hannu a cirewa, ba shi da ikon sa hannu a dashe. Ma'aikacin ƙungiyar kuma ba shi ne zai ce wane ya mutu ba, ba shi ne zai ce a cire wa wane na'urar numfashi ba. Ba a ba kura ajiyar nama, su ma sun san da haka. Mutuwar iri biyu ake karɓa: ko ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya ba dawowa, ko zuciya ta tsaya. In ta zuciya ce, sai an nannaɗe hannu an jira 'yan mintoci, yawanci biyar, a tabbata ba za ta sake bugawa da kanta ba, sannan masu wuƙa su matso.

"Takarda ce kawai," in ji Malam. A nan kam sai in cire hula in ba ka, don akwai ranar da ta zama takarda kawai.

A watan Oktoba na 2021, a jihar Kentucky, an kai wani mutum asibiti bayan ƙwaya ta yi masa yawa. Iyalinsa suka amince a ba da sassan jikinsa. Aka tura shi ɗakin tiyata. Bawan Allah yana kan gado yana motsi, yana juye-juye, hawaye na zuba daga idonsa. Likitocin da ke wurin suka ce su kam ba da su ba, aka fasa, mutumin ya rayu. Wasu tsofaffin ma'aikatan ƙungiyar yankin sun ce an matsa lamba daga sama a ci gaba da aikin, ƙungiyar ta musanta. Zancen bai fito fili ba sai a 2024, da ya kai gaban majalisar dokokin ƙasar. Ma'aikatar lafiya ta bi sawu, ta buɗe fayil 351 na mutanen da aka fara shirin ɗaukar sassansu a hannun wannan ƙungiya amma ba a kammala ba. A watan Yuli na 2025 ta ce 73 daga cikinsu suna nuna alamun aikin ƙwaƙwalwa da bai kamata a ci gaba da shirin ba, kuma aƙalla 28 mai yiwuwa ba su mutu ba lokacin da aka fara. Bayan wata biyu ma'aikatar ta sanar da shirin ƙwace izinin wata ƙungiyar a Miami.

Hajiya, na ga kin miƙe za ki je ki ba maƙwabta labari. Dawo ki zauna, ki tafi da shi cikakke. Wa ya tsayar da wuƙar? Likitan da doka ta raba shi da ƙungiyar, wanda ba a ƙarƙashinta yake cin abinci ba. Ta ina aka samo fayil 351? Daga rubutun da doka ta tilasta wa ƙungiyar ta ajiye, awa bayan awa, da sunan wanda ya ce me. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar ta ba waɗannan ƙungiyoyi rumfar fakewa: in sun yi aiki da zuciya ɗaya, ba a kama su da laifi ko da sun yi kuskure. Zuciya ɗaya kuwa ba a ganinta a hoton asibiti, lauya ne ke zana ta a kotu. Ga kuma gwamnati tun 2020 tana auna su da yawan sassan da suka samo, wadda ta yi ƙasa a ƙwace yankinta. Ka ce wa mutum aikinsa ya dogara da yawan gawa, sannan ka ce ya yi haƙuri kada ya yi gaggawa. Da a nan kuka kafa shakkarku, da na bi ku sallah.

Sai batun izini, wanda na san zai ba Baba haushi. A can, lokacin karɓar lasisin tuƙi ake tambayarka ko ka yarda, in ka ce e a buga maka alama a kati, sau da yawa 'yar zuciya. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2006, wannan e ɗin ta baligi ta zauna daram, iyali ba su da ikon soke ta bayan ya mutu. Ka ji fa, Baba. Babu kawun da zai taso daga ƙauye da sandarsa ya ce shi ne babba a gidan. In kuwa mamacin bai ce komai ba, sai a bi magada bisa jerin da doka ta tsara, miji ko mata kafin 'ya'ya, 'ya'ya kafin iyaye. Ingila ta juya abin a 2020, ta ce kowane baligi ana ɗaukarsa ya yarda sai in ya rubuta bai yarda ba, ko da yake har yanzu sai an zauna da iyali. Su ma ba haka kawai suka koyi ladabin tambaya ba. A asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool, tsakanin 1988 da 1995, an riƙa cire sassan jikin yaran da suka mutu ana jerawa a kwalabe ba da sanin iyayensu ba, har wasu iyayen suka yi wa ɗa guda jana'iza sau biyu ko uku, duk lokacin da aka dawo musu da wani sashe. Daga nan aka samu dokar 2004 da hukumar da ke sa ido a kai.

Yanzu ga naka, Malam, mai cewa duk kasuwanci ne. A 1983 wani likita a jihar Virginia, H. Barry Jacobs, ya fito ƙarara ya ce zai buɗe kamfanin dillancin ƙoda, har da shigo da talakawa daga ƙasashe matalauta su sayar. Majalisar dokokin Amurka ta ji kunya, a 1984 ta yi dokar da ta haramta saye da sayar da sassan jiki don dashe, da tarar da ta kai dala 50,000 da ɗaurin da ya kai shekara 5. Amma dokar ta bar ƙofa: ana iya karɓar kuɗin cirewa, da na adanawa, da na sufuri, da na sarrafawa. Saboda haka likita zai ci, asibiti zai ci, mai jirgin da ya ɗauko akwatin zai ci, mai ƙodar ne kaɗai ake ce wa Allah ya ba da lada. Iyalinsa dai ba a cajinsu kuɗin cirewar, shi ke nan.

Inda ƙofar ta fi faɗi shi ne wajen ƙashi da fata da jijiya, waɗanda ba sa lalacewa da wuri, ana iya sarrafa su a ajiye a kanta. Michael Mastromarino, tsohon likitan haƙori da ya rasa lasisinsa, ya buɗe kamfani a New Jersey ya haɗa baki da masu gidajen shirya gawa. Gawa fiye da 1,000 suka fafe ba da izinin kowa ba. A cire ƙashin ƙafa, a cusa bututun roba irin na masu aikin famfo, a ɗinke, a sa wa mamaci wandonsa, iyali su zo su yi bankwana ba su san da famfo suke gaisawa ba. Takardun izini kuwa a ofis ake ƙirƙirarsu. Cikin waɗanda aka yi wa haka har da Alistair Cooke, wanda ya shafe shekara 58 yana aiko wa BBC wasiƙarsa daga Amurka. Ya rasu a 2004 yana da shekara 95, ciwon daji ya ci ƙashinsa, amma a takardar da aka bi ƙashin da ita sai aka rubuta shekara 85, ciwon zuciya. An yanke wa Mastromarino ɗaurin shekara 18 zuwa 54 a 2008. Ya mutu a 2013 yana ɗaure, da ciwon dajin da ya shiga ƙashinsa. Ni dai ban ce komai ba.

Kun lura da wani abu game da kanku? Kullum a kan gadon wanda ake yankawa kuke hango kanku, ba ku taɓa hango kanku a gadon wanda ake sakawa ba. Alhali Alhaji, da hawan jinin nan naka da sukarin da kake ɓoye wa Hajiya, da maganin ƙarfi na bakin tasha da kake kurɓa, wancan gadon ya fi kusa da kai. Rabin nauyin da ke kan ƙungiyoyin nan saboda mai karɓa aka ɗora shi: gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, tarihin rashin lafiyar mamaci, rukunin jini sau biyu, lakabi a jikin kowane akwati. A 2003 a asibitin jami'ar Duke an dasa wa wata yarinya 'yar shekara 17 zuciya da huhu na rukunin jinin da ba nata ba, don kowa ya ɗauka wani ya duba, ta rasu. A 2004 a Texas mutum huɗu suka mutu da ciwon haukan kare da suka ɗauka daga mamaci guda. Ga shi zuciya awa huɗu zuwa shida take yi a waje, ƙoda ta kai kwana ɗaya ko ɗaya da rabi, duk wannan bincike da agogo a ka ake yinsa.

Kafin Malam ya jawo mini aya, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga mamaci zuwa mai rai da rayuwarsa ta dogara a kai, da sharaɗin mamacin ya yi izini ko magadansa, kuma ba da ciniki ba. Akwai malaman da suka saɓa, kana da damar bin su. Amma ka daina cewa babu wanda ya halatta.

Mu a nan gida kuwa, Alhaji, gawarka tana cikin aminci. Ka cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta ana rabon ruwa, wa zai tsaya neman ƙanƙara? Kusan duk dashen ƙodar da ake yi a Najeriya, har da na asibitin koyarwa na Aminu Kano, daga mai rai ake ɗauka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce sai da izini, ta kuma hana sayarwa. Wanda ya kamata ku ji wa tsoro shi ne yaron nan mai lafiya da ba shi da ko sisi.

Irin sa aka ɗauka daga Legas a 2022, ɗan shekara 21 mai tallan kayan waya, aka kai shi Landan aka ce ɗan'uwan 'yar Sanata Ike Ekweremadu ne, ya zo ba ta ƙoda don zumunci. An shirya aikin a asibitin Royal Free kan fam 80,000. Likitan da ya zauna da shi ya yi masa tambayoyin da aikinsa ya wajabta masa, ya ga yaron bai ma fahimci me za a yi masa ba, ya ce ba za a yi ba. Daga baya yaron ya gudu, ya kwana a titi, ya shiga ofishin 'yan sanda da kansa. A watan Mayu na 2023 kotu ta ɗaure Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya yi dillancin shekara 10. Yaron yana nan da ƙodarsa biyu.

Hajiya, yanzu kina iya tafiya wurin maƙwabtan. Alhaji kuma ka sauke hannun haka, ka ma dafe wurin da ba nan take ba, ƙoda ta baya take.