Tanderu Mai Rigar Ruwa

To, masu gardama, ku gyara zama. Na san tun daga ganin kan maganar nan wasunku sun fara taɓe baki: murhu kuma har da riga? Ƙwarai kuwa. Akwai murhun gashin nama da ake ɗinka wa riga daidai jikinsa, kuma maigidan da ya bar shi tsirara damina guda zai gane kurensa.

Kamado ake ce masa. Asalinsa Japan, inda ake dafa shinkafa a irinsa na yumɓu. Sojojin Amurka da suka zauna can bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa tahowa da shi gida, suka ce a ajiye batun shinkafa, su nama za su gasa. A 1974 wani ɗan kasuwa mai suna Ed Fisher ya buɗe shago a Atlanta yana sayar da shi, daga nan aka samu Big Green Egg, koren nan da ya yi suna. Wanda nake magana a kai yayansa ne a tsada da ƙwalisa: an bi bayansa kaf da ƙananan tayil, ɗaya bayan ɗaya, irin wanda kamfanin Komodo Kamado ke ƙerawa a Indonesiya. Manyansu sun haura kilo 200, kuɗinsu kuwa dubban daloli ne. Eh, Hajiya, kin ji daidai. Daloli. Ki sha ruwa mu ci gaba.

Ga Malam can baya ya ɗaga hannu: "Ai wannan tanderun gurasa ne aka yi wa kwalliya aka kai shi Turai, ya dawo yana mana yanga!" Ban musa maka ba, Malam. Masu gurasa a cikin birnin Kano sun daɗe da sanin cewa yumɓu in ya sha wuta yana riƙe zafi ya daɗe bai sake shi ba. Abin da aka ƙara wa wannan shi ne murfi mai nauyi da ke rufewa ruf, da ƙofar iska biyu, ɗaya a gindi ɗaya a ka. Ka matse su, gawayi ɗan kaɗan ya kwana yana ci a hankali, zafin na tsaye wajen digiri 110, ƙirjin sa ya yi awa goma sha biyu a ciki har ya zama ana yagarsa da yatsa. Ka buɗe su, zafin ya haura 350. Sai dai ka tuna, naka tanderun bai taɓa kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba. Wannan kuwa yawancin masu shi a irin waɗancan ƙasashen suke.

"To ina ruwanmu?" Ruwanku ɗan'uwanku da ke Manchester ko Toronto ko Minnesota, wanda kwaɗayin balangu ya hana shi barci har ya fasa asusu ya saya. Kuma rabin maganar ta shafi duk wanda ya ajiye irinsa a Jos ko Abuja, don ruwan Agusta ba ya duba farashin kaya kafin ya jiƙa su.

Abin da zai ba ku mamaki, sanyi zalla ba ya damun wannan murhu. Kaurin bangonsa ya sa ko ana ƙanƙara a waje, cikinsa bai san ana yi ba. Mai murhun ƙarfe na can yana ta ƙara gawayi yana kakkarwa, mai kamado ya rufe nasa ya koma ɗaki ya ja bargo. Abokin gabarsa ruwa ne, kuma ta hanya biyu yake shigo masa.

Ta farko a hankali take. Tsakanin tayil da tayil akwai abin da ake cike gurbin da shi, kuma da daɗewa yakan yi 'yar tsaga wadda ko ido ba ya gani sai an sa lura. Ruwan sama ya tsiyaya ciki ya samu wurin zama. Dare ya yi, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan ya daskare. Shi kuwa ruwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Kun raina? Wannan ɗan kumburin shi ke fasa bututun ruwa na ƙarfe a gidajen Turai. Da rana ya narke, tsagar ta ɗan ƙara faɗi, ƙarin ruwa ya shiga, da dare a sake. Shi ya sa garin da ake tsuga ruwa kuma sanyinsa ke kai-komo a bakin sifiri, kamar arewacin Ingila, ya fi cutar da tayil a kan garin da zai daskare sau ɗaya ya zauna a haka har bazara. Wata safiya sai mutum ya fito ya tarar da tayil biyu a ƙasa suna kallonsa.

Ta biyu kuma maigida ne da kansa yake buɗe mata ƙofa. Baƙi za su zo bayan La'asar, murhu ya yi wata biyu yana shan ruwa, sai a cika shi da gawayi a wangale ƙofofin iska a ce maza. Laimar da ke maƙale a bangon da ƙarƙashin tayil ta zama tururi, shi kuwa tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya haife shi. Ina zai bi? Matsa kusa ka gani: wani wuri a jikin murhun ya ɗan tasa kamar ƙurji, 'yan ɗigon ruwa na fitowa daga tsakanin tayil suna cuwa, in ka danna da safar hannu ka ji yana motsi. In an ci sa'a, da ya fara hucewa a danna tayil ɗin ya koma mazauninsa. In ba a ci ba, sai neman mai gyara, kuma mai gyara a can ba ya jin "a yi mana ragi don Allah". Maganin ba ya cin ko kwabo: bayan dogon ruwa, a kunna 'yar ƙaramar wuta, a bar shi ya yi awa ɗaya ko biyu yana gumi, sannan a riƙa ƙara iska kaɗan-kaɗan. Baƙin su ci dabino tukuna.

Na ji wani na cewa, "Ai sai a nemo tamfol ko babbar leda a ƙunshe shi tam, magana ta ƙare." Kai dai ba ka raina wayonka, Alhaji. Ƙunshe shi tam ɗin, ka dawo bayan wata uku ka ɗaga murfi. Za ka tarar da gona: fumfuna fari da kore ya rufe wayar gashi, ya haye bango, yana kiwo a kan ragowar kitsen bara. Leda ta hana ruwan sama shiga, amma ta hana laimar ciki fita. Rigar da ake so ita ce wadda ruwa ke zamewa a kanta amma iska na shiga ta ƙasa, a sa ta bayan murhun ya huce sarai kuma jikinsa a bushe, a bar ƙofofin iska a ɗan buɗe. In fumfunan ya riga ya fito, kada a kawo sabulu ko bilic, bangon zai shanye su ya riƙa rama wa nama. A hura wuta mai kyau ta cinye shi, in ya huce a goge. Hakanan kananzir: ka kunna gawayi da shi sau ɗaya, kajinka za su yi ta warin fitila har ka gaji da ba da haƙuri. Toka kuma a kwashe ta, don tana jan laima, jiƙaƙƙiyar toka kuwa cin ƙarfe take. Buhun gawayi a ajiye shi inda ruwa ba ya kai wa.

Sai kuma safiyar da murfi ya ƙi buɗewa. A leɓen murfin kamado da yawa akwai wani tsumma mai kauri da aka manna don ya hana iska zurarewa. In ya jiƙe ya daskare, murfi da gindi sun zama abu guda. A nan ake gane mazajen da ke ji da ƙarfi: ya tattare hannun riga, ya ja, ya ƙara ja, ya aika a ɗauko masa sukuddireba. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan, ko tsumman ya yage ko leɓen murhun ya ɓantare. Wani kuma ya ce a kawo tafasasshen ruwa. Haba! A kan daskararren murhu? Abin yi, ka durƙusa, ka buɗe ƙofar iska ta ƙasa, ka tura 'yar takarda mai wuta ko abin kunna gawayi, ka jira ɗumin ya hau sama da kansa. Masu dabara ma tun da dare, bayan ya huce, sukan sa ɗan siririn itace tsakanin leɓɓan biyu don kada su haɗu.

Ku masu gemu, wannan taku ce. In wuta ta yi ƙarfi kuma an matse iska, kada a fizge murfin lokaci guda. Wutar na can tana yunwar iska, da ta samu sai ta yo waje bal! A ɗaga shi kamar faɗin yatsa biyu, a dakata, a sake, sannan a buɗe. Gemun wasu ya riga ya kama wuta a kan wannan, ku shafa wa naku ruwa. Kashe ta kuma ba da bokiti ake yi ba, a rufe ƙofofin biyu ta mutu da kanta, gawayin da ya rage na gobe ne.

Akwai abu ɗaya da ba zan yi muku wasa da shi ba. Ruwa na zuba, sanyi na ratsa ƙashi, zuciya za ta ce a tura murhun cikin gareji ko a jawo shi ɗakin girki a rufe ƙofa. Gawayi na fitar da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai wadda ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a garuruwanmu. Tsadar murhu ba ta rage mata dafi. In ana son inuwa, a yi rumfa mai tsayi wadda ɓangarorinta ke buɗe.

Har yanzu Malam bai gamsu ba, yana cewa da waɗannan kuɗin gara ya yi shekara goma yana aika yaro wurin mai tsire. Wallahi a wannan kam ina bayanka, Malam, kai da mai tsire ke bakin layinku. Amma ka ji tausayin ƙanenka na Manchester, shi bakin layinsu babu tukuba. In kun yi waya a makon nan, bayan gaisuwa ka tambaye shi ko ya sa wa tanderun nasa riga.