Tsintsiyarmu da Gindin Mangwaro

Mu a layinmu, idan gari ya waye ba a ji ƙarar tsintsiya a gindin bishiya ba, to uwargida ba ta da lafiya. A share tas, ƙasa ta fito fes kamar faranti, a tara ganyen a bakin kwata a ƙyasta masa ashana. Da yamma a tare mai kura a sayi jarka biyu a kwarara wa mangwaron. Kafin azahar ɗin washegari ƙasar ta bushe ta tsattsage, sai mu ce ai bishiyar ce mai shan ruwan tsiya.

Rannan a majalisa bayan la'asar nake kukan kuɗin ruwa, sai Baba mai lambu, wanda ya tsufa yana noman rani, ya dube ni ya yi dariya.

"Yaro, kai ka tuɓe wa bishiyar riga ka bar ta tsirara a ranar Afrilu, zafi na neman digiri 40, sannan kana jin haushinta? Mu idan mun yafa irin albasa, ciyawa muke shimfiɗawa a kai har ya tsiro. Laima ta zauna, rana ba ta dafa shi ba."

Alhaji na kwana, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya ce shi ai ya gwada. Garin katako ya sa aka kwaso masa buhu uku daga wurin kafinta, ya cuɗa da ƙasar gwandarsa, bayan 'yan makonni ganye ya koma rawaya.

"Cuɗawar ce ta kashe ka, Alhaji," in ji Baba. "Ɗanyen garin katako idan ya shiga cikin ƙasa, kafin ya ruɓe sai ya janye abincin da shuka za ta ci. A sama ake barinsa, kuma a fara zuba taki a ƙarƙashi."

Daga nan kowa ya kawo nasa. Wani ya ce buntun shinkafa, tunda a garin Kura tsibi-tsibi yake a bayan injina. Baba ya yarda yana daɗewa bai ruɓe ba, amma iskar hunturu ɗaya ta ishe shi ya koma tsakar gidan maƙwabci, sai an jiƙa shi an danne da kara. Ɓawon gyaɗa ya fi shi zama. Da aka ambaci harawa kuwa, majalisa ta ɗauki shewa: wa zai shimfiɗa harawa a ƙasa alhali ragon layya na kallonsa? Malamin makarantarmu ya ce ya ga ana rufe kunya da baƙar leda. Aka ce masa a bazararmu wannan gashin saiwa ne.

Ni dai gara nake tsoro, na kuwa faɗa. Baba ya ce gara busasshen abu take bi, shi ya sa ba a manna shimfiɗar a jikin kututture. A bar tazarar tafin hannu a kewaye, kaurin kuma kamar yatsu huɗu. Ya ce manoman wajen Tawa a Nijar ma gayyatar ta suke yi: su bar karan gero da taki a kan fako, ta zo ta huhhuda ƙasar, ruwan sama ya sami hanyar shiga. Ga 'yar shukar cikin gida kuwa, busasshen ganyen darbejiyar da muke ƙonawa kullum ya wadatar, ba ko sisi.

Na koma gida da ƙarfina, na tattara ganyen na jera a gindin mangwaro da lemun tsami, na yayyafa ruwa. Kwana uku ina tura yatsa ina jin danshi, har na fara yi wa mai kura kallon banza.

Rana ta huɗu Hajiya babba ta zo ganin jikoki. Ta tsaya a gindin mangwaron ta riƙe haɓa.

"Wannan wace irin ƙazanta ce? Gidan kunama kuke haɗa wa yaran? Ke, miƙo min tsintsiya."