Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Roka Ba Tare da An Sayar da Gona Ba

Idan Allah ya jarrabe ka da gadon tsohuwar Mercedes 911, mai gajeren hancin nan da direbobi ke kira roka, wadda ta daɗe a bayan gida har kaji na ƙwai a kujerar direba, kada ka yi saurin kiran 'yan gwangwan. Da sauran magana.

Fara da sanin wanda ke kwance a ƙarƙashin bonet. Lambar jikin motar tana faɗin abin da Jamusawa suka nufa ne: 9 nauyin tan tara, 11 ƙarfin doki 110. Amma wannan labarin ranar suna ne. Motar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kai shanu da albasa kudu ta ratsa hannun makanikai da yawa, kowa kuma ya bar nasa tarihin. Samo kananzir da tsumma ka goge gefen injin har ɗan allon lamba ya bayyana. In ta fara da 352, yi hamdala: OM352 ke nan, silinda shida a jere, lita 5.7, wanda aka fara ƙerawa a 1964, kayansa kuma ba sa wuya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. In 366 ka gani, ƙaninsa ne, dashe aka yi, ba laifi. In babu allon sam, sai wani dattijo ya dafa injin ya ce tun yana yaron mota ya san shi, ba shi na goro, sannan ka ƙirga nozul da kanka.

Yanzu 'yan kallo sun taru, kowa na cewa a ba ta wuta. Kada ka ba ta. Zaro sandar awon baƙin mai tukuna. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sai ka fara zaman makokin gasket. In baƙi ne, juye shi ka zuba sabo, ka sa doguwar sifana a notin karanshaf ka juya da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya cije, fistin ya kama. Cire nozul, ɗura gas haɗe da ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka tafi harkarka na 'yan kwanaki. Majiya ƙarfin unguwa za su ce a ɗaura ta a bayan tirela a fizga. Su ba su san kuɗin konrod ba.

Tsohon gas na tanki kuwa, yafe shi. Jawo tiyo daga jarkar sabon gas, canja filta, sassauta notin fitar da iska, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare. Leƙa hanyar shan iska, don ɓeraye da zanzaro ba sa biyan haya amma sun iya gini. Duk wanda ya ce a duba fulogi, aike shi sayo ruwan sanyi. Injin gas ba ya da shi.

Ga inda raha ke raguwa. Kai tsoronka kada ya ƙi tashi, alhali abin tsoro shi ne ya tashi ya ƙi mutuwa. In sandar da ke raba mai a cikin famfon injekta ta maƙale a buɗe, injin zai yi ta hauhawa, zare makulli kuma ba ya masa komai. Don haka tabbatar tana motsi kafin a taɓa kik, ka kuma tsayar da mutum da faffaɗan katako kusa da bakin shan iska, ya toshe in abin ya ɓaci. Katako na ce, ba tafin hannu ba, ba kuma hular Alhaji ba.

In injin ya tashi, kada ka bi masu tafi, bi agogon baƙin mai. In allurar ba ta ɗaga ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe shi. Farin hayaƙi da farko ba komai, in ya ƙi ɗaukewa akwai magana. Shuɗi na nufin ringi ya gaji yana shan mai, baƙi kuma gas ya fi iska yawa. Maƙwabta masu shanya za su ba ka cikakken rahoto.

Sai dai fa, Malam, inji kawai ka tayar. Kafin a gyara burki a sauya tayoyin nan da rana ta cinye, bar dutsen da ke ƙarƙashin taya a inda ka same shi.